Sunan Rhona a Littafin Ishbel

Laraba, 16 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Dod ya ƙure rediyo tun safe kamar shi aka kai ƙara. Ina wanke tukunya ya leƙo kicin ya ce, "Wilma, kotun ƙoli ta yanke. Wai a dokar daidaito, mace ita ce wadda aka haifa mace." Na ce masa shekara arba'in da uku da aurenmu, sai yau alƙalan Landan suka sanar da shi abin da ya aura? Ya yi dariya ya koma kujerarsa. Ni ma na yi dariyar, amma tukunyar nan sau biyu na wanke ta.

Na fara hannun hagu na rigar sanyin da nake saƙa masa. Gobe Alhamis.

Alhamis, 17 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Duk mun je ɗakin saƙarmu, mu tara. Har yanzu yana warin gishiri kamar lokacin da iyayenmu mata suke shiga su ɗumama hannu in sun gama feɗe kifi a bakin tashar jirgi. Ishbel Jappy tana kujerarta ta jikin taga, shekara casa'in da ɗaya, yatsunta sun karkace amma ta fi mu sauri. Ita ta tara Matan Alhamis shekara hamsin da ɗaya da suka wuce, ita ta sayi littafin suna, ita ta hana namiji tsallake dokin ƙofar. Dod ma in ya kawo itace a waje yake ajiyewa.

Na kira suna kamar kullum, talatin da ɗaya. Masu rai suka amsa wa kansu, waɗanda suka riga mu kuma aka amsa musu. Na amsa wa marigayiya mahaifiyata, "tana nan." Senga ta amsa wa Nan Cowie, wadda Ishbel ta ba ta ta riƙa amsa wa tunda Senga baƙuwa ce daga Glasgow, ba ta da mamaciya a garin nan, ta haɗa mata har da kujerar Nan. Rhona ta amsa wa mahaifiyarta Jessie Flett daga ɗan bencinta na bakin ƙofa, bayan Senga, inda take zama tun ranar da ta fara zuwa, wai kada ta tare wa kowa haske.

Babu wadda ta yi maganar rediyo. Mun yi maganar ulu, mun yi maganar gwiwar Netta, mun koma kan ulu. Ban taɓa jin mata tara sun damu da zare haka ba.

Litinin, 28 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Shekara talatin ina raba wasiƙa a garin nan, daga ambulan nake gane wadda ba a so. Wannan daga kwamitin da ke kula da gine-ginen tasha ta fito, su ne masu ɗakinmu. An rubuta ta da ladabi, kuma ban ga laifinsu ba, su ma tsoro suke ji.

Wai ƙungiya mai girmanmu doka ta hau kanta. In mata zalla muke, mu tabbatar littafinmu ya dace da hukuncin kotu. In ba haka ba, mu buɗe ƙofa ga kowa, har maza. Amsa kafin 30 ga Mayu, da sa hannun sakatariya, wato ni.

Ba su ambaci sunan kowa ba. Ba sai sun ambata ba, a garin da kowa ya san wa ya haifi wa. Na sa ta ƙarƙashin kwanon sukari.

Alhamis, 1 ga Mayu, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na karanta musu. Kafin in kai ƙarshe Rhona ta tashi ta ɗora buta, alhali shayin yana cikin kofuna bai ko huce ba.

Netta, da kunnenta ya yi nauyi, ta ce, "Wai maza za su zo? To Dod ɗinki ya iya saƙa?"

Na ce, "Dod ko igiyar takalminsa sai ya yi shawara da ni."

Aka yi 'yar dariya. Sai Senga ta ajiye saƙarta a cinya ta ce, "In namiji ya shigo ɗakin nan, ni na fita. Kun san dalili, ba sai na maimaita ba. Ɗaya hanyar kuma ba ni na rubuta ta ba, kotu ce." Ba ta waiwaya ba. Rhona tana tsaye ta ba mu baya tana jiran butar da ta riga ta tafasa.

Ishbel ta ce, "'Yan mata, na ga hannuwa sun tsaya. Surutu muka zo yi?"

Muka ci gaba. Ishbel ta yi tari mai tsawo, ta ce ƙurar ulu ce.

Asabar, 3 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Na kai wa Rhona miyar kyafaffen kifi a rumfarta. Na same ta rabin jikinta cikin injin jirgin wani, hannu duk baƙin mai, jan bakinta kuwa bai goge ba. Kullum ina gaya mata ita kaɗai ce a ƙasar nan take yi wa inji kwalliya.

Benci ɗaya muka zauna a firamare ni da ita. A lokacin ɗan Jessie Flett ne, mai wani suna da ba zan rubuta a nan ba, don ta roƙe ni tun da daɗewa. Yaro mai shiru, da yake ba ni rabin biskit ɗinsa in yi masa faɗa da masu tsokana. Birnin Aberdeen ya ɗauke mana shi shekara ashirin da wani abu, ya dawo mana da Rhona, da takardar hukuma a jaka mai cewa mace ce. Garin ya yi gulma har ya gaji, sannan ya tuna babu mai gyaran inji kamarta.

Ta sha miyar a tsaye ta ce, "Gishiri ya yi yawa."

"To dawo min da abata."

Ta riƙe kwanon gam. Can ta ce, "Ki goge, Wilma. Layi ɗaya ne da biro. Ba zan zama dalilin da za a ƙwace ɗakin ba, ba kuma zan zama dalilin da Senga za ta rasa wurin zuwa ba."

Na ce ba a taɓa goge suna a littafin nan ba. Ta ce ba a taɓa rubuta irinta a ciki ba ma. Ta tuna min ranar, shekara goma sha huɗu ke nan, mako guda bayan an binne Jessie. Ta zo mayar da tsinkayen saƙar mahaifiyarta ne kawai, ta tsaya a waje tana miƙo su. Ishbel ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "To wa zai amsa wa Jessie? Shigo ki rufe ƙofa, kina sako mana iska." Ta rubuta sunan da hannunta.

Rhona ta ce, "Tun daga ranar nake ƙoƙarin kada in ci wuri da yawa." Na dawo gida da kwano da ciwon kai.

Talata, 6 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Ban rubuta amsar ba. Na warware hannun rigar, ya yi faɗi.

Alhamis, 8 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Bencin bakin ƙofa babu kowa.

Da na kira Jessie Flett sai shiru. Na sake kira, ni da wautata, kamar za ta taso daga maƙabarta ta amsa. Ishbel ta buga sandarta a ƙasa ta ce, "Tana nan!" da ƙarfin da ya jawo mata tari.

Da na zo kan Rhona Flett, Netta ta buɗe baki za ta amsa, Ishbel ta ɗaga mata yatsa. "Ba a amsa wa mai rai. Mai rai da bakinta take amsawa." Na wuce suna na gaba.

Senga ta saƙa layi biyu kacal yau. Na ƙirga, don ni ma ban fi haka ba.

Lahadi, 11 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Daga coci Senga ta biyo ni gida. Dod ya dube mu sau ɗaya ya ce ai kuwa ya manta zai duba wani abu a lambu. Mutumin nan yana da hankali in ya ga dama.

Ta ƙi zama sai da ta juya kujera ta fuskanci ƙofa. Shekara ashirin ina ganin tana haka a gidana ban taɓa sa shi a rai ba.

Ta ce, "Kin ɗauke ni muguwa ko?"

Na ce, "Na ɗauke ki mai taurin kai. Wannan kuwa tun tuni."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ba na ƙin Rhona, Wilma. Ita ta gyara min hitar ɗumama gida cikin ƙanƙara ta ƙi ko shan shayi. Amma shekara goma sha ɗaya na yi da mutumin da ba na jin shigowarsa sai gyaran muryarsa a bayana. Na kwana wata huɗu a gidan mafakar mata kafin in iya barci. Abin da ya sa na iya, an ce min babu namijin da zai shigo, ko mai gyaran famfo sai an sanar. Da na zo garin nan Ishbel ta ce min ɗakin nan ma haka yake. Kaina ya san Rhona ce. Amma in ta yi tari a bayana, jikina ba ya tsayawa ya tambayi kaina. Shekara goma sha huɗu kowace Alhamis ina zaune wuyana a sandare, ban faɗa ba don kada in ɓata wa Ishbel."

Na yanka mata kek mai kauri, ta cinye, na ƙara mata. Ina son matar nan, da bakinta mai kaifi da komai. Ina son ɗayar ma. Biro ɗaya ne a hannuna kuma duk inda na ja shi sai ya bi ta kan ɗayarsu.

Litinin, 12 ga Mayu, tsakar rana

Ban rubuta ba. Sukari ya zube a kan takardar, na bar shi.

Laraba, 14 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Na kira Lorna, 'yar ƙanwata da take aikin lauya a Elgin, na karanta mata takardar. Ta ce, "Gwaggo, ku nawa ne?"

"Talatin da ɗaya."

"A ɗan ɗakin nan? Ina kuke zama, kan juna?"

"A'a, masu zuwa tara ne."

"Sauran ashirin da biyun fa? Sun daina biyan kuɗin shayi ne?"

"Suna maƙabarta."

Sai na ji tana dariyar da take neman shaƙe ta. Ta ce, "Gwaggo Wilma, kina nufin duk shekara a fom ɗin kwamiti kina ƙirgawa har da Kaka?"

Na ce to ina zan kai ta? Tana cikin littafi, ana kiranta, ana amsa mata. Wadda ta riƙe littafin kafin ni ma haka take cikawa, kuma ita ma yanzu tana cikin ashirin da biyun.

Da ta samu numfashi ta yi min bayani. Sashen dokar da ya shafi ƙungiyoyi sai kun kai mutum ashirin da biyar yake hawa kanku, kuma doka masu numfashi take ƙirgawa. Mata tara masu saƙa taron ƙawaye ne, su suke zaɓar wanda za su zauna da shi. Ta ce za ta kira kwamiti da kanta. Bayan awa ɗaya ta sake kira: sun ce in haka ne ba ruwansu, in dai aika musu adadin gaskiya a rubuce.

Na fita lambu na rungume Dod har ya yar da shebur. Ya ce, "Lafiya? Wa ya mutu?" Na ce mutum ashirin da biyu, kuma sun kusa jawo mana masifa.

Alhamis, 15 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Na shiga ɗaki da labarina kamar mai ɗauke da kyauta. Kujerar taga babu kowa, jikar Ishbel ta aiko cewa ta ɗan kwanta. Benci ma babu kowa.

Na faɗa musu, aka yi ta dariya, Netta har da hawaye. Sannan dariyar ta ƙare da kanta. Netta ce ta faɗi abin da kowa ke tunani, da ƙarfi, don ba ta jin muryarta: "To yanzu wa za mu ɗora wa laifi?"

Babu. Kotu ta fita, kwamiti ya fita, an bar mu da junanmu. Senga ta riga ta faɗi abin da ta shekara goma sha huɗu tana haɗiyewa, ba zai koma ciki ba. Ta ce, "Ni ban roƙi a kori kowa ba. Amma ba zan koma zama kamar da ba. Ku zaɓa, in kun zaɓi Rhona ba zan yi fushi ba, zan dai zauna a gida."

An sa ranar 29 a ɗaga hannu a kan sunan Rhona. Na amsa wa Jessie yau. Da na zo kan sunan Rhona ban ɗaga kai ba.

Na warware hannun rigar. Wannan karon ya matse.

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Ishbel ta sha cokali biyu na miya. Ta ce gishiri ya yi yawa. Garin nan kowa ya zama alƙalin miyata.

Ta ƙanƙance a gadon, amma idon yana nan. Na ba ta labarin matattu ashirin da biyu, ta yi dariyar da babu sauti ta ce, "Saura kaɗan ki samu ta ashirin da uku, sai ki kula da lissafi." Na ce ta daina wannan magana. Ta ce in daina yi mata fuskar fasto.

Na roƙe ta ta raba mana gardama, tunda ɗakinta ne, abin da ta ce shi za a yi. Ta ce, "Yarinya, ni rubutawa na iya. Na rubuta Senga ranar da ta shigo da tabo a gira tana kallon ƙofa. Na rubuta Rhona ranar da ta tsaya a waje da tsinkayen uwarta. Duka biyun da biro ɗaya. Ban ga abin da Senga take haɗiyewa ba, wannan laifina ne, ina kallonta ido da ido kowace Alhamis. Amma gyaran naku ne, ni na gaji."

Ta ciro ambulan daga ƙarƙashin matashi ta ce in kai wa Geddes mai shirya jana'iza, kada in buɗe. Na ce shekara talatin ban taɓa buɗe wasiƙar kowa ba. Ta ce, "Kin dai ɗaga su a rana kin hango ciki."

Na kai. Ban ɗaga ba, don akwai hadari.

Laraba, 21 ga Mayu, ƙarfe bakwai na yamma

Dod ya sa rigar da hannu ɗaya ya zagaya falo, wai ta yi masa daidai, dama hannun hagunsa ba ya jin sanyi. Na yi dariya, daga nan kuma abin ya juye ya zama kuka. Ya zauna kusa da ni da rigarsa mai hannu ɗaya har na gama.

Juma'a, 23 ga Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ishbel ba ta sha shayin safe ba.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

Ta rasu da hantsi, taga a buɗe, jikarta tana riƙe da hannunta. Ban iya rubuta fiye da haka ba.

Litinin, 26 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Geddes ya zo da kansa, hula a hannu, da katunan igiya. Igiya takwas ake ɗaura wa akwati a sauke shi kabari, kowace da mai riƙe ta, kuma tun tasowata 'ya'ya maza da 'yan'uwa maza ake ba wa. Lokacin da aka binne kakata, mata ko maƙabarta ba su je ba, suna gida suna yanka burodi. Geddes ya ce, "Misis Coull, ta rubuta sunaye takwas, babu namiji ko ɗaya. 'Ya'yan ƙanenta sun ɗan yi gunaguni, na nuna musu rubutun hannunta suka yi shiru."

Mu takwas muka rage. Ta ba ni ta uku. Ta ɗaya, ta wajen kai, Senga. Ta biyu, ta wajen ƙafa, Rhona. Su biyun ne kaɗai suke tsayuwa suna fuskantar juna, tsawon kabari a tsakaninsu.

Na sa tsohon takalmin aikina na raba katunan gida gida. Senga ta juya nata ta duba zanen da ke baya, inda aka nuna wurin tsayuwar kowa, ta ce, "Tsohuwar nan! Tana cikin akwati ma ba za ta bar mutum ya huta ba." Ta goge ido da bayan hannu ta ce hayaƙi ne. Babu abin da ke kan wuta.

Rhona ta ƙi karɓa da farko, wai hannunta da mai. Na ce zan tsaya har ta wanke. Ta wanke ta karɓa ta ce, "Zan riƙe igiyar, don ita. Amma ɗaki ba zan zo ba, Wilma. Ku ɗaga hannunku ba na nan, zai fi muku sauƙi."

Alhamis, 29 ga Mayu, ƙarfe bakwai na yamma

Zan rubuta duka, don kada in manta ko ɗaya.

Iska ta taso daga teku tun safe, tana neman ɗauke hular fasto. Geddes ya kira lamba ɗaya bayan ɗaya, muka fito muka kama igiyoyinmu, tsofaffin mata takwas, maza suna tsaye a baya hannu a aljihu ba su san inda za su sa ido ba. Ainihin nauyin yana hannun ma'aikatansa da maɗauransu, kowa ya san haka, amma igiya tana gaya wa hannu gaskiya. Ana jin ta tana tafiya.

Ba a kai rabi ba na ga Senga ta fara kasawa. Yatsunta sun daɗe da ciwo, ga sanyi, igiyar ta fara zamewa da sauri. Sai na ji muryar Rhona daga wajen ƙafa, ƙasa ƙasa, muryar nan tata mai kauri da ba ta cika sakinta ba: "A hankali, Senga. Dubi hannuna. Saki in na saki."

Kafaɗun Senga suka ɗaga, na gani da idona. Amma ta ɗago kai ta dube ta. Suka yi ta saki tare, tafi bayan tafi, har Ishbel ta sauka daidai ba ta karkata ba. Muka saki igiyoyin suka faɗa kan akwatin.

Bayan shayi a otal muka wuce ɗaki, mu bakwai, don Alhamis ce. Rhona ta tafi rumfarta. Na buɗe littafi. Sunan Ishbel shi ne na farko, kuma ban shirya ba. Na kira, muka dubi kujerar taga, sai duk muka amsa tare, ba wanda ya tsara. Netta ta makara, ta amsa ita kaɗai daga baya da ƙarfi.

Na bi sunaye har na zo inda nake tsoro. Na ce, "Rhona Flett." Iska tana kaɗa ƙofa. Na ɗauki biro, don in ba yau ba sai yaushe, na ce to, a ɗaga hannu.

Senga ta ce, "Ajiye biron nan, Wilma, kin riƙe shi kamar wuƙar kifi."

Na ajiye.

Ta ce, "Ban canza ra'ayi ba, ku ji da kyau. Gidan mafakar da na kwana wata huɗu na waɗanda aka haifa mata ne kawai, ina nan kan bakana, kuma da za a tambaye ni gobe haka zan faɗa. In wata sabuwa irin Rhona ta ƙwanƙwasa ƙofar nan ma, sai mun zauna mun yi magana, ba za a yi min shiru a wuce ba. Amma yau na dube ta tana magana, muryar ta fito daga fuskar da na sani, ban ji abin da nake ji ba. Shekara goma sha huɗu tana zaune a bayana, tsakanina da ƙofa. Wane mai hankali ne ya ajiye ta a can?"

Na ce, "Ita ta ajiye kanta. Wai kada ta dame ki."

Senga ta rufe ido ta ce, "Allah Ya shirye mu, mu duka." Sannan ta ce, "To me kike jira? Ba ta mutu ba balle a amsa mata. Je ki kira ta."

Na tafi da gudun da ban yi ba tun ina raba wasiƙa. Na same ta zaune da baƙaƙen kayanta a gaban inji, ba ta taɓa shi ba. Na ce ana kiran suna kuma an tsaya a kanta. Ta ce wa ya aiko ni. Na ce mai igiya ta ɗaya.

Da muka shiga ta nufi bencinta. Senga ta ce, "A'a. Nan, inda zan gan ki." Ta nuna kujerar taga.

Rhona ta ce, "Ta Ishbel ce."

"Ishbel ta samu wurin kwanciya, ke da ni muka kai ta. Zauna, kina sako mana iska."

Ta zauna a bakin kujerar kamar za ta ƙone ta, haske duk a fuskarta. Na sake buɗe littafi na ce, "Rhona Flett."

Ta yi gyaran murya. Senga tana kallonta, tsinkayenta ba su tsaya ba.

"Ina nan."

Juma'a, 30 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Na karkaɗe sukarin na rubuta wa kwamiti: masu rai takwas ne. Ban gaya musu littafi har yanzu talatin da ɗaya yake cewa ba, ba su tambaya ba.

Dod ya ɗauko bencin ya kai lambu, na tsaya a ƙofa na miƙa masa. Hannun rigar ya kai gwiwar hannu, kuma ina ganin wannan karon zan bar shi.